MAN FETUR: WANDA RUMBUNSA KE GIDAN WANI, YAUSHE ZAI YI BARCI?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malaman yankin Gobir ya gabatar a wani zama da matasa suka shirya a garin Sabon Birni bayan sallar La'asar, wanda ya samu halartar manoman fadama, direbobi, 'yan kabu-kabu da 'yan kasuwa daga Isa da ƙauyukan bakin iyaka. An nemi Malam ya yi bayani ne a kan dalilin da ya sa duk lokacin da wata rigima ta tashi a duniya, sai an ji ta a farashin litar mai a Sabon Birni. Ga yadda jawabin ya gudana.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da tambayar mahalarta ko akwai wanda ya zo wajen zaman ba tare da man fetur ya yi masa aiki a wannan yinin ba. Da aka yi shiru sai ya ce, ko wanda ya tako da ƙafa, tuwon da ya ci injin niƙa ne ya niƙa garinsa, albasar da ke cikin miyarsa kuma injin ban ruwa ne ya shayar da ita a fadamar Gulbin Rima, wayar da ke aljihunsa ma janareto ne ya yi mata caji. Ya ce saboda haka maganar mai a yau maganar abinci ce, kuma duk al'ummar da ba ta san daga ina abincinta yake zuwa ba, da wanda yake riƙe da makullinsa, to tana zaune ne a kan ganganci.

Malam ya ce masana harkar siyasar duniya suna da wani abu da suke kira tsaron makamashi, kuma kada sunan ya firgita kowa, domin Bagobiri ya san shi tun kaka da kakanni, rumbu yake ce masa. Ma'anarsa ita ce ƙasa ta tabbata cewa abin da injunanta ke sha zai samu a lokacin da ake buƙatarsa, a farashin da jama'a za su iya, kuma ba a hannun mutum guda ba wanda in ya yi fushi zai rufe. Ya ce maigidan da ya noma gero amma ya ajiye a rumbun maƙwabci, ranar da suka saɓa ranar ce iyalinsa za su kwana da yunwa, ko da kuwa gonarsa ta fi ta kowa albarka.

DARASIN 1973

Daga nan sai Malam ya koma tarihi. Ya ce a watan Oktoba na 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, a zamanin Sarki Faisal na Saudiyya, suka rage haƙo mai, suka kuma hana sayar da shi ga Amurka da wasu ƙasashen da ke mara wa Isra'ila baya. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12, aka wayi gari ana dogon layi a gidajen mai na Amurka, irin layin da mutanen ƙasar nan suka saba da shi.

Ya ce abin lura shi ne abin da waɗannan ƙasashe suka yi bayan sun sha wannan dukan. A 1974 suka kafa wata hukumar makamashi ta haɗin gwiwa a birnin Paris, wadda ta wajabta wa mambobinta ajiye man da zai ishe su kwana 90 idan hanyar shigo da shi ta toshe. A 1975 Amurka ta yi dokar kafa nata rumbun ɗanyen mai a ƙarƙashin ƙasa. Faransa kuwa sai ta dage wajen gina tashoshin wutar nukiliya, wanda kuma wani kaso na yuraniyom ɗin da ta yi shekaru tana amfani da shi daga Arlit ya fito, a nan maƙwabciya Nijar. Malam ya ce wannan shi ne abin da Annabi Yusuf (AS) ya tsara wa Masar tun dubban shekaru, wato a yi tanadi a shekarun wadata saboda shekarun fari.

Ya ce a daidai wannan lokacin Nijeriya kuɗi ne suka yi mata ambaliya, domin tun 1958 take fitar da ɗanyen mai, bayan gano shi a Oloibiri a 1956, kuma ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971. Dattawan wajen, in ji shi, ba za su manta da rabon kuɗin Udoji ba. Ya ce a yi adalci, an yi wani abin kirki da kuɗin, domin bayan tsohuwar matatar Fatakwal ta 1965, an buɗe ta Wari a 1978, ta Kaduna a 1980, sannan sabuwar Fatakwal a 1989. Jimillar abin da huɗun za su iya tacewa ya kai ganga 445,000 a kullum. An kuma shimfiɗa bututu daga Kaduna ya bi ta Zariya har daffon Gusau, inda tankoki ke ɗauka su rarraba a ƙasar Sakkwato. A 1975 kuma aka kafa asusun daidaita farashi, wanda ya riƙa biyan kuɗin dako domin lita ta zama kuɗi ɗaya a Legas da Isa.

GA ƘOSHI GA KWANAN YUNWA

Malam ya ci gaba da cewa abin da ya biyo baya kowa shaida ne. Aka bar matatun ba gyara a kan kari, aka riƙa ware kuɗin gyara ba a ganin aiki, aka farfasa bututu, har daffon Gusau ya yi shekaru mai bai biyo ta bututu ya iso shi ba. Ƙasar da ke cikin manyan masu fitar da ɗanyen mai a Afirka ta koma tana loda shi a jirgin ruwa zuwa Turai, a tace a can, ta sayo tataccen da dala. Ya ce wannan shi ne manomin da ya sayar da geronsa a kan damma, ya dawo yana sayen fura a hannun wanda ya saya, kuma da tsada.

Ya tunatar da jama'a wahalar man zamanin Abacha, lokacin da direba zai kwana biyu ko uku a layi, da man nan mai wari da aka shigo da shi a wancan zamanin. Ya ce kada a ɗauka abin ya wuce da mulkin soja, domin a watan Fabrairu na 2022 kamfanin NNPC da kansa ya bayyana cewa an shigo da gurɓataccen fetur daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, wanda janye shi daga kasuwa ya jefa ƙasar nan cikin layin mai na makonni. A wannan watan ne kuma Rasha ta shiga Yukren, farashin man dizal ya ninka a Nijeriya cikin 'yan watanni. Malam ya ce mai injin niƙa a Isa bai san inda Yukren take ba, amma ya ƙara kuɗin niƙa saboda ita, mai tuwon sayarwa kuma ta rage malmala.

Ya ce hatta Turai da duk dabararta ta faɗa irin wannan tarkon, domin kafin yaƙin wajen kashi 40 cikin 100 na iskar gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da ita daga Rasha take zuwa. Da aka saɓa, aka rage buɗe famfo, sai ga Jamus tana neman gas ido rufe. Ya ce idan mai ƙarfi irin Jamus ya girgiza, ina ga wanda bai ajiye komai ba?

Dangane da tallafin mai, Malam ya ce shi ne mayafin da aka daɗe ana rufe wannan tsiraicin da shi. A da gwamnati kan sayo mai da tsada a waje, ta sayar da araha a gida, ta cike giɓin daga baitulmali, wanda a 2022 kaɗai ya lashe sama da Naira tiriliyan 4. A Janairun 2012 an yi yunƙurin cire shi, lita ta tashi daga Naira 65 zuwa wajen 141, jama'a suka fito zanga-zanga, aka dawo da ita 97. A Mayun 2016 ta koma 145. Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya furta a jawabin rantsuwarsa cewa tallafi ya tafi. Kafin mako ya zagayo litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen 500, a ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Ya ce da tafiyar tallafin, biyan kuɗin dako ma ya tafi, saboda haka wanda ya fi nisa da teku shi ya fi kowa biya, kuma tsakanin Legas da nan akwai tafiyar sama da kilomita 1,000.

IYAKAR DA TA RABA GIDA ƊAYA

Da ya zo kan abin da ya shafi yankin kai tsaye, Malam ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ya ce Sabon Birni da Tsibiri gida ɗaya ne, dukkansu zuriyar Alƙalawa ne, Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakani a farkon ƙarni na 20. Amma tun da farashin mai a nan ya kasance ƙasa da na can saboda tallafi, sai jarka ta zama sana'a. Matasa da yawa sun yi aure, sun yi gini da ɗaukar jarkoki a kan babur zuwa ƙauyukan jihar Maraɗi. Ya ce ba ya zaune don ya zagi kowa, domin yunwa ce ta kai mafi yawansu, kuma jarkar ɗan kabu-kabu ba komai ba ce a kan tankokin manya da ke ƙetarawa da takarda. Amma ya ce a faɗi gaskiya, sana'a ce da aka gina a kan bambancin farashin da wani ke yankewa a Abuja, kuma ranar da ya sa hannu a wata takardar, sana'ar ta mutu. Bayan cire tallafin, alƙaluman hukuma na man da ake sha a ƙasar nan sun faɗo daga sama da lita miliyan 60 a kullum zuwa ƙasa da miliyan 50, abin da ya nuna yawan wanda ke ƙetare iyakoki a da.

Ya ce kuma mutumin iyaka shi ne ke shan bulalar duk wani mataki. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. A Nuwambar 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda hakan ya bar manomin bakin iyaka da bai taɓa fasa-ƙwauri ba a hannun 'yan bumburutu. A Satumbar 2021 kuma gwamnatin jihar Sakkwato, a ƙoƙarinta na toshe wa 'yan bindiga hanyar samun man babura, ta hana sayar da mai a jarka a ƙananan hukumomi da dama, har da Isa da Sabon Birni, aka kuma katse layukan waya. Malam ya ce babu mai musun cewa ɓarayin daji da mai suke yawo, kuma yankin ya ga abin da ya gani a hannunsu. Amma injin ban ruwa ba ya takowa zuwa gidan mai, da jarka ake kai masa. Ya ce a nan ma za a ga cewa mai makami ne, ko tsakanin ƙasa da ƙasa, ko tsakanin hukuma da ɗan ta'adda, kuma talaka ne a tsakiya.

ABIN DA YA FARU TSAKANIN NIJERIYA DA NIJAR

Malam ya ce ba sai an je Turai neman misali ba. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya kuma ta katse wutar lantarkin da take bai wa Nijar, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita. Yamai da Maraɗi suka shiga ɗauke wuta, har aka janye takunkumin a Fabrairun 2024. Ya ce shekara da shekaru wutar na zuwa lafiya, har mutane suka ɗauka tasu ce, sai rana ɗaya aka nuna masu cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Ya ce ita Nijar tana da matata, wato SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a Nuwambar 2011, tana tace ganga 20,000 a kullum daga rijiyoyin Agadem, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar na da 40. Amma da yake man fasa-ƙwauri daga Nijeriya ya daɗe yana cike kaso mai yawa na kasuwar, ba a gane cewa matatar ta yi kaɗan ba. Da man Nijeriya ya yi tsada ya daina ƙetarawa, gwamnatin can kuma ta rage farashin lita a 2024, sai kowa ya koma gidan mai. A watan Maris na 2025 layin mai ya mamaye biranen Nijar, a daidai lokacin da gwamnatin ke takun saƙa da kamfanonin Sin ɗin, har ta kori wasu manyan jami'ansu uku. A ƙarshe sai da aka nemi tankokin mai daga Nijeriyar da ake zaman doya da manja da ita. Haka kuma bututun nan mai tsawon kusan kilomita 2,000 da ke kai ɗanyen man Agadem gaɓar teku a Benin, da aka saɓa da Kwatano a 2024 sai da lodin jiragen ya tsaya na wani lokaci.

Malam ya ce darasin a fili yake. Samun rijiya bai isa ba, samun matata ma bai isa ba, matuƙar kuɗin gina ta, ko masu sarrafa ta, ko hanyar fitar da kayanta suna hannun wani. Kuma maƙwabta biyu da kowanne ke riƙe da igiyar ɗan'uwansa, zaman lafiya ya fi masu riba a kan nuna ƙarfi, domin duk wanda ya ja, mutanen Gobir na ɓangarorin biyu ne ke shaƙewa.

MATATAR LEGAS TA WARWARE MATSALAR?

Wani direba ya yi tambaya cewa, tunda matatar Ɗangote ta fara aiki, ashe maganar dogaro da waje ba ta ƙare ba? Malam ya amsa da cewa babu shakka ci gaba ne babba, matata mai ƙarfin tace ganga 650,000 a kullum, wadda ta fara sayar da fetur a Satumbar 2024, kuma ta rage yawan man da ake shigowa da shi. Amma ya ja hankali kan abubuwa uku. Na farko, farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya ake yanke shi, da dala, saboda haka idan Naira ta faɗi, ko aka yi barazanar rufe mashigin ruwan Hormuz, inda wajen kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ya saba bi, za a ji a nan ko da a gida aka tace. Ita kanta matatar ta sha sayo ɗanyen mai daga Amurka a 2024 da 2025. Na biyu, dogaro da ƙofa ɗaya haɗari ne ko da ƙofar ta ɗan gida ce, domin inji yana lalacewa, ma'aikata suna yajin aiki. Tsohuwar matatar Fatakwal da aka yi shelar tayar da ita a Nuwambar 2024 an sake rufe ta a Mayun 2025. Na uku, matatar tana Lekki ne a bakin teku, kuma kafin lita ta iso Isa sai tanka ta yi kwanaki a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Ya tunatar da gobarar tankar mai ta garin Majiya a jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda mutane sama da 150 suka rasu, ya ce wannan ma yana cikin kuɗin da Arewa ke biya saboda mutuwar bututu.

ABIN YI

Malam ya ce ba zai sallami jama'a da kuka kawai ba. Ya ce akwai abin da ke wuyan hukuma, akwai na jama'a. Na hukuma shi ne a tambayi duk mai neman ƙuri'a, da wakilan yankin a majalisa, ina aka kwana a kan matatar Kaduna da bututun Gusau, kuma kwana nawa man da ƙasa ta ajiye zai kai idan jirage suka daina zuwa. A kuma nemi duk dokar da za a kafa a kan mai a bakin iyaka ta ware wa manomi hanyar samun na injinsa, ta hannun hakimai da ƙungiyoyin manoma.

Na jama'a kuwa, ya ce Allah ya hore wa ƙasar Gobir wani makamashin da ba a loda shi a jirgi, babu kuma kwastan ɗin da zai tare shi, wato rana. Ya ce Nijar bayan an katse mata wuta ta hanzarta fara amfani da tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 a kusa da Yamai. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana yana da tsada a sayen farko, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, manoma biyar ko goma masu maƙwabtaka a fadama za su iya yin adashe su saya, su lissafa abin da suke kashewa a fetur a rani guda su gani da kansu. Ya shawarci matasan da sana'ar jarka ta mutu a hannunsu su koyi haɗa faifan sola da gyaransa, domin aiki ne da ba ya jiran sa hannun kowa a Abuja.

Ya kuma gargaɗi masu gidajen mai da 'yan bumburutu cewa akwai bambanci tsakanin tanadi da ɓoye kaya. Tanadi shi ne a ajiye domin jama'a su samu ranar rashi, ɓoyewa kuwa a rufe famfo da mai a ƙasa ana jiran farashi ya tashi, kuma shari'a ta yi hani da wannan. Ya roƙi iyaye su daina barin ana ajiye jarkokin fetur a ɗakunan kwana kusa da murhu, kuma duk inda tanka ta faɗi a nisance ta, kada a je kwasa.

Wani dattijo manomi ya tashi ya ce a zamanin ƙuruciyarsu da jigo suke ban ruwa, ba su san layin mai ba. Malam ya yi murmushi ya ce, Baba ya yi gaskiya, sai dai jigo ba zai ciyar da yawan jama'ar yau ba, kuma ba komawa baya ake nema ba. Abin da za a ɗauka daga jigo shi ne cewa itacensa da igiyarsa da gugansa duk a garin ake samunsu, in ya karye kuma a garin ake gyara shi. Ya ce duk abin da za a kawo ya maye gurbin fetur, a auna shi da wannan ma'aunin.

Daga nan aka yi addu'ar samun zaman lafiya a yankin, da dawowar waɗanda ke gudun hijira a ƙasar Gidan Rumji da sauran wurare, aka tashi gab da kiran sallar Magariba.